Fankar da Muka Yi Faɗa a Kanta

Autana,

Gaisuwa mai yawa daga gida, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ubangijin da ya fitar da kai daga Samaru lafiya ya sauke ka lafiya, ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka.

Ba labarin gida zan ba ka ba, wannan yayyenka za su cika maka kunne da shi a waya. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da na gani kwanakin nan da kake shirin tafiya. Na ga kana zaune a falo kana tsara darussanka a kwamfuta, da hotuna masu launi, kana cewa in ka haska su a bango da majigi ɗalibanka ba za su so a tashi ba. Na ji daɗi ƙwarai. Sai na tambaye ka, to in majigin ya ƙi fa? Ka yi dariya ka ce, "Mama, kwalejin nan sabuwa ce, komai yana aiki." Ni ma na taɓa faɗin haka lokacin ina da ƙuruciya irin taka.

Ka san na koyar da buga tafireta a makarantar koyon sana'a ta ikilisiyarmu a Sabon Gari, amma ba ka san ɗakin da na fara ba, domin kafin ka yi wayo an rushe shi. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, ba silin. Tagoginsa na katako ne, ɓangare ɗaya yana kallon harabar coci, ɗayan yana kallon lungun da ke fita kasuwa. A lungun akwai mai injin markaɗe, akwai masu tura baro suna ihun a ba su hanya, can nesa kuma in jirgin ƙasa ya yi kuka sai ka ji har cikin ƙirjinka. Ɗalibaina kusan duk mata ne, 'yan matan da suka gama sakandare da matan aure masu neman aikin ofis. Akwai Ibo, akwai Yarabawa, akwai mutanen kudancin Kaduna, ga kuma mu 'yan gida. In an soma aiki da safe, tafiretocin nan suka ɗauki ƙara gaba ɗaya, sai in ji kamar babu wanda ya fi ni sa'a a garin Zariya. Har yau wani lokaci ina jin wannan ƙarar a kunnena in ina tsintar shinkafa.

Tafiretocin tsofaffi ne, kyauta aka ba makaranta, amma ni a idona sababbi ne fil. Ban daɗe da farawa ba tafiretar wata ɗaliba ta cije, haruffa suka sarƙe da juna. Na ce ta matsa. Na sunkuya a kai da tsinke da man keken ɗinki, na ba aji baya. Na ce a raina yanzun nan zan gama. In na saki wannan harafi sai wancan ya kama. Yatsuna suka yi baƙi da tawada, zufa tana ɗiga a kan takarda, ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na rantse sai na ga bayanta. Ina ɗagowa aka kaɗa ƙararrawar tashi. Na waiwaya na ga wasu sun kifa kai a tebur, wasu suna yi wa juna kitso, wata da ta zo tun daga Palladan tana ɗaura ɗankwali za ta koma gida ba ta koyi ko harafi ɗaya ba. Tafiretar ma ban gyara ta ba.

To ka ji na farko. Mutane ka je koyarwa, ba na'ura ba. Ka riga ɗalibai shiga aji, ka kunna duk abin da za ka yi aiki da shi, ka gani da idonka. In ya ƙi a tsakiyar darasi, ka taɓa shi kaɗan, in bai tashi ba ka bar shi ka juyo wurin mutanenka, gyara ya jira tashi. Kuma kullum ka riƙe wata hanya a hannu. Ni bayan wannan rana na roƙi kwalayen sabulu a kasuwa, na yanka su, na zana madannan tafireta a kan kowanne. Wadda tata ta lalace sai ta ɗauki kwali ta ci gaba da horar da yatsu har a gyara. Da farko sun yi ta dariya, suna kiransa tafiretar talaka. Amma waɗanda suka fi saurin hannu a wannan shekara, kwali ne ya koya musu. Darasin da ba za ka iya koyar da shi da alli da bakinka ba, ba ka gama saninsa ba tukuna.

Na biyun ya fi nauyi, shi ne kuma ainihin dalilin wasiƙar nan.

Da bazara ta shigo, ɗakin nan ya zama tanda. Kwano yana sauke zafi kai tsaye a kan mutane. Ni kuma abin da ya dame ni ba zafin ba ne, ƙarar injin markaɗe ce da iskar da ke kwashe takardu daga kan tebura. In ina yi musu shifta, na bayan aji sai su ce ba su ji ba. Sai na yanke hukunci, na ce a rufe tagogin lungu duka, na harabar coci ma a tura su saura kaɗan. Aji ya yi tsit, takardu suka zauna, na ji na yi dabara. Abin da ban lura da shi ba, teburina yana bakin ƙofa ne. Duk 'yar iskar da ta shigo ni take fara samu. Ina tsaye a wuri mai sanyi ina auna ɗaki da jikina.

A layin ƙarshe, a kusurwar da rana ke dukan bango, akwai wata ɗaliba mai suna Nkechi. Sabuwar amarya ce, mijinta yana sayar da kayan gyaran keke a kasuwa. Ba ta da surutu, hannunta kuwa mai kyau, tana cikin waɗanda nake sa ran za su samu aiki da wuri. Ashe tana da ƙaramin ciki, ba ta gaya wa kowa ba. Na ga tana yawan share fuska da gefen zane. Na tambaye ta daga inda nake tsaye, ban ko matsa ba, "Nkechi, lafiya?" Ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Lafiya lau, Malama, ba komai." Na ci gaba da shifta.

Ban kai ƙarshen sakin layi ba na ji ƙara. Ta sulale daga kan benci, goshinta ya bugi gefen tebur. Aji ya rikice, wasu na kiran Yesu, wasu na kuka. Da na ruga kusurwar nan na durƙusa, sai na ji abin da take shaƙa tun safe. Auta, iskar wurin kamar ka buɗe murfin tukunya ka kara fuska. Ban taɓa zuwa wurin na tsaya ba tun da na rufe tagogin. Muka ciccibe ta zuwa inuwar mangwaron haraba, muka yayyafa mata ruwa, aka tsayar da tasi zuwa asibiti. A cikin motar kanta yana kan cinyata, ina riƙe da goshinta da ɗankwalina, ina addu'ar da ban san ma me nake cewa ba.

Allah ya rufa asiri, ta farfaɗo, cikin ma bai taɓu ba, daga baya ta haifi ɗanta namiji lafiyayye. Amma aji ba ta dawo ba. Mijinta ya ce ya isa haka, ni ma ban ga laifinsa ba. Na je gidansu na roƙa, ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni ruwa, ya ce a'a. Ta koma zaman shago tare da shi. Shekaru da yawa in na shiga kasuwa sai ta taso da fara'a, "Malama! Malama!" ta jawo mini kujera. Ko sau ɗaya ba ta ɗora mini laifi ba. Ni dai in na ga yatsunta suna ƙirga wayoyin birki, sai in tuna yadda suke gudu a kan tafireta.

Saboda haka, ɗana, ranar farko da za a nuna maka ajinka, kada ka tsaya a gaban allo kana duba kyansa. Ka taka har layin ƙarshe ka zauna a kan benci kamar ɗalibi. Ka ji zafin wurin. Ka duba ko ana ganin allo, ko hasken taga yana kashe rubutu. Ka sa wani ya yi magana daga gaba ka ji ko tana isowa. Ka dawo da tsakar rana ka sake zama, don ɗakin safe daban, na azahar daban. Kuma in ka tambayi ɗalibi ya ce ba komai, kada ka yarda daga nesa. 'Ya'yanmu an tarbiyyantar da su a kan kada su yi wa babba ƙorafi. Kai za ka matsa ka gani.

Yanzu bari in ba ka wanda zai sa ka dariya, don na san ba a taɓa gaya maka shi daidai ba.

Makarantar tana da fanka guda ɗaya tak, ta tsaye, mai nauyi, in tana juyawa tana kaɗa kai kamar tsohuwa mai jin wa'azi. Ƙa'ida ita ce duk ajin da ya riga, shi zai ɗauka. Bayan abin da ya sami Nkechi na buɗe tagogi duka, na kuma je ofis na ɗauko fankar nan na kafa ta a kusurwar baya. Da aka tashi ban mayar ba. Na sayo sarƙa da kwaɗo na ɗaure ta a ƙafar tebur, na sa makulli a jakata.

Bango ɗaya ne tsakanina da ajin gyaran rediyo. Malaminsu wani dogon saurayi ne ɗan Wusasa, mai yawan shiru, Malam Iliya. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Washegari ya zo ya tsaya a bakin ƙofata, ya kalli fanka, ya kalli sarƙa.

Ya ce, "Malama, me ta yi aka ɗaure ta?"

Ɗalibaina suka ƙunshe dariya. Ni kuwa raina a ɓace yake, na ce, "Malam, ni mata gare ni a nan, har da masu juna biyu. Naka maza ne, su yi haƙuri."

Ya ce, "Gaskiyarki. Amma in kin samu sarari ki leƙo ki gaishe mu. Ba sai kin zo da ita ba."

Na yi kwanaki ban je ba, don na ɗauka gatse ne. Ranar da na leƙa, da ƙyar na iya tsayawa. Ɗakinsa ya fi nawa ƙanƙanta, tagarsa ɗaya, kuma kowane tebur da ƙarfen narka dalma a kai yana fitar da zafi da hayaƙi mai shiga ido. Samarin nan sun tuɓe riguna sun rage singileti, shi kuma yana zagayawa da guntun kwali yana yi wa wanda ke aiki fifita, in ya gama da wannan ya matsa wurin wancan. Na koma ajina na kwance sarƙa, na aika masa da fankar.

Ka san wanene Malam Iliya. Babanku kenan. Ya sha faɗa wa mutane cewa shi ya auri matar da ta taɓa kai fanka kurkuku.

Da yammar wannan rana ya zo mayar da fankar, muka zauna a bakin baranda. Shi ya tambaye ni ko na taɓa kai maganar zafin nan gaban kwamitin makaranta. Na ce a'a, ina sabuwa, kada a ce na cika ƙorafi. Ya ce shi ma bai taɓa ba, yana ganin ai suna da ido. Muka kalli juna. Ashe mu biyu muna shirin cinye juna a kan fanka ɗaya, waɗanda ke da ikon ƙaro ta biyu ba su ma san ana yi ba, don su da sanyin safiyar Asabar suke zamansu. Muka shirya tare. Ba mu yi musu dogon bayani ba, mun dai roƙi dattawa su zo su ga aikin ɗalibai da rana tsaka. Suka zo da manyan rigunansu, muka zaunar da su a layin baya. Wani dattijo bai jima ba ya cire hula yana fifita da ita, ya ce, "Kai, yaran nan a nan suke wuni?" Ba a yi komai nan take ba, ka san aikin kwamiti. Mun yi ta tuni, da ladabi, ba fushi ba gajiya. Kafin wata bazarar aka buga silin, aka fasa wa ajinsa taga ta biyu. Kafin nan kuwa mun rataya asabari a tagogin da rana ke duka, mun ajiye randa da moɗa a kowane aji, muka mayar da aiki mai wuya zuwa safe. Darbejiyar da muka dasa a jikin bangon yamma tana nan har yau, ta fi ginin da ya maye gurbin namu tsawo.

Abin da nake so ka ɗauka a nan: in kaya sun yi kaɗan, abokin aikinka ba shi ne abokin gabarka ba. Kafin ka ce naka ya fi tsanani, leƙa nasa. Kuma abin da ya lalace ka faɗa wa mai alhakin gyara shi, tun yana ƙarami, ka sake faɗa, ka kuma sake. Kada ka yi gunaguni a gaban ɗalibai kana zagin hukumar makaranta, wannan ba ya gyara fanka, sai dai ya koya musu raini. Mai shara da mai gadi da mai kula da wuta, ka san sunayensu, ka gaishe su tun ba ka da bukata.

Damina ma da nata. In ruwa ya sauko a kan kwano, ko ihu kake ba mai jin ka. Na yi shekaru ina gasa da ruwan sama har muryata ta dushe, babanku yana dafa mini citta da zuma yana tsokanata. Daga baya na gane ba a yin gardama da hadari. In ya taso sai in rubuta aiki a allo, kowa ya duƙufa, ni kuma in bi su tebur tebur. Wasu daga cikin ranakun da na fi so kenan, ɗaki ya yi duhu-duhu da sanyi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa, bokiti a tsakiyar aji yana tarar yoyo, kowa ya natsu.

Da zamani ya juya aka kwashe tafiretoci aka kawo kwamfutoci, na koma ɗaliba da furfurata kafin in koyar. A nan na yi wata wautar. Ana yawan ɗauke wuta, aka saya mana ƙaramin janareta. Wayarsa gajera ce, sai na sa aka ajiye shi dab da taga. Kwana biyu ɗalibai suna cewa kansu na ciwo, wasu na gyangyaɗi, ni ina cewa lalaci ne. Babanku ne ya zo ɗaukata wata rana, tun daga ƙofa ya daka tsawa a kashe shi. Ban taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Ya ce hayaƙin nan ba ya sallama, kwantar da mutum yake kamar barci. Ka kiyaye wannan ko da ka manta sauran. Janareta nesa da taga da ƙofa. Wayar da ta ɓare ko soket mai tartsatsi, kada ka taɓa, kada ka bar ɗalibi ya taɓa don ya burge ka, a kira mai aikin. In hadari ya haɗo da walƙiya, a zare komai daga bango. Darasi ɗaya da aka rasa ana rama shi gobe.

Kana makarantar kwana lokacin da babanku ya yi jinyarsa ta ƙarshe, akwai abin da ba ka gani ba. An kwantar da shi a babban ɗaki mai gadaje da yawa, jikinsa ya yi nauyi, magana ma sai a hankali. Wata rana da la'asar ina ba shi kunu, na ga ba ya kallona, idonsa yana can ƙarshen ɗaki. Ya ɗaga yatsa da ƙyar. Na sunkuya na kara kunne, ina zaton wani saƙo zai bar mini game da ku. Sai ya ce, "Tsohon can, rana na dukan fuskarsa. Ba mai jinya a wurinsa. Je ki ja masa labule."

Na ajiye kofi na je na ja. Tsohon bai ma san an yi ba, barci yake. Da na dawo babanku ya buɗe baki ya karɓi kununsa.

Ɗan wannan mutum ne kai. Ba ni da abin da zan ƙara a kan haka.

Ubangiji ya sa albarka a bakinka da hannunka. Ya ba ka ɗalibai masu jin magana, ya ba ka idon ganin wanda ya yi shiru a cikinsu. Ya tsare ka daga sharrin hanya, da na wuta, da na mutum, ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya. Ka riƙa cin abinci kafin ka shiga aji, ka nemi ikilisiya da zarar ka sauka. Yayyenka da 'ya'yansu duk suna gaishe ka.

Ka huta lafiya cikin tsarewar Allah.

Ni ce,
Mamarka